Kwana Biyu Babu Tukunya

Mu mata, idan aka ce mun yi tafiya, to biki ne, ko suna, ko gaisuwar rasuwa. Duk zumunci ne, kuma da lada, amma kada mu kira shi hutu. Ki bar madafinki ki faɗa na surukarki, ki yi wanke-wanken mutum talatin, ki dawo da ciwon baya da bashin tsaraba. A asibiti nakan tambayi matan da nake auna wa jini, yaushe rabonsu da su farka ba tare da lissafin abin da za a dafa ba. Yawanci dariya suke yi. Ni kuwa ina kallon abin da na'urar ta nuna, ba na dariya.

Abin da nake kira hutu ɗan ƙarami ne: kwana biyu, wuri ɗaya, babu girki. Kwana ɗaya hanya ce ke cinye shi. Ya wuce uku, kuɗi ya ƙare, yara sun fara rigima.

Mu da ke Bauchi, Yankari muke zuwa. Daga cikin gari wajen kilomita 110 ne, a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiya cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, amma na san matan da aka haifa a Bauchi, suka yi jikoki, ba su taɓa leƙawa ba. Abin da ya sa ya dace da mai yara shi ne komai yana waje ɗaya: ɗakin kwana, wurin cin abinci, da ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ki shiga da sassafe lokacin hunturu, kafin jama'a su taru, da doguwar riga da wando, ki ji yadda kafaɗunki za su saki. Ranar aiki ta fi ƙarshen mako sirri, kuma ki guji kwanakin Sallah da ƙarshen shekara idan ba kya son cunkoso.

Dabbobi an fi ganinsu da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Amma kada ki yi wa yara alkawarin giwa. Tana nan, sai dai ba ta da alkawari da kowa. Ki ce musu za su ga gwaggon biri da gadu, waɗannan kam har bakin ɗaki suke zuwa. Birin nan ɓarawo ne na gaske, leda a hannun yaro gayyata ce, don haka a rufe ƙofa, a ci abinci a ciki. Zagaye ɗaya a motar daji ya isa. Kuma ranar ki ajiye baƙin hijabi ko shuɗi, ƙudan tsando launin da yake bi ke nan, cizonsa kuwa da zafi.

Inda shirin ke lalacewa ba a daji ba ne, a gida ne. Uwargida ta ce za ta rage kashe kuɗi, sai ta ɗauko risho, tukunya, shinkafa, manja. An gama, ta kai madafi yawon buɗe ido. Gara a rage kwana a sayi abinci, a tafi da dambun nama, biredi, garin kunun yara da filas. Idan kuɗin bai kai ba, a jira kwasar adashi. A kira tun da wuri a ji kuɗin shiga, na ɗaki, na mota, a tambayi halin wuta da ruwa, a kuma tambayi wanda ya bi hanyar kwanan nan yadda take. A riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne. A fita da hantsi, a isa kafin la'asar. Tafiyar dare da yara ban yarda da ita ba ko ina ne.

Sai magana da maigida, kuma tun a gida ake yin ta, ba a bakin ruwa ba. Wane lokaci ne yara ke hannunsa? Ni na zaɓi bayan azahar: awa biyu in rufe ƙofa in yi barci, ko waye ya yi kuka, Abbansu na nan. Idan gidan mata biyu ne, a daidaita zancen kwana kafin a ɗaura kaya, kada hutun ya dawo da shari'a.

A jakata akwai farasitamol na yara, abin auna zafin jiki, ƙullin ORS da zinc, filasta, gidan sauro da man korar sauro. Ƙulli ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake haɗawa, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ta sa shi a jakar hannu, ba cikin akwati ba. A bakin Wikki kuma babba ɗaya ya ajiye waya ya zuba wa yara ido. Ruwan garau yake, har yashin ƙasa kike gani, shi ya sa yake ruɗi, akwai inda zai shanye babban mutum. Yaro idan yana nutsewa ba ya ihu.

Ki dawo ana saura kwana ɗaya ki koma aiki. Kafin ki tafi kuma ki bar miya a firji, ko ki soya ta sosai ki ba maƙwabciya ajiya, domin daren da kuka dawo kowa zai ce yana jin yunwa, kuma ke za a kalla.