Leɓe a Hunturu

A Babban Giji na tashi, kuma tun ina yaro Disamba ba ta taɓa barin leɓena lafiya ba. Busasshiyar iskar da ke tasowa daga Sahara takan shanye danshin jiki. Leɓe kuwa fatarsa ba kauri, ba ya fitar da maiƙo kamar goshi. Sai in yi ta lasa, yawu ya bushe, tsagar ta ƙara zurfi.

Inna ba ta dogon bayani. Bayan sallar asuba takan lakato man kaɗanya, wanda take sayowa a kasuwar Tarauni, ta shafa mini, ta ce, "Kul ka ɓare ɓawon."

Bara, ina koyar da sautin baleɓe, na furta /b/, /ɓ/, /m/, sai jini ya tsattsafo. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Akwai basilin a aljihuna, kuma yana aiki, domin yana tsare danshi. Amma da na koma gida, gwangwanin Inna na nema, a ɗakinta da ke rufe tun rasuwarta. Akwai saura a ƙasansa, ɗari ya daskarar da shi, da shatin yatsarta a kai.