Inda Zance Ya Koma

Ƙanwata ta rasu tana da shekara 14. Amosanin jini, wato sikila, shi ne ajalinta. Mahaifanmu duka biyu rukunin jininsu AS ne, ba su kuma sani ba sai da ciwon ya bayyana a jikinta. Likita ya yi musu bayani a makare: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Bayan na kammala digiri na ɗauri aniyar faɗakar da matasa. Na buga takardu na raba a ƙofar makarantu, washegari na ga an ƙunshe ƙosai da su. Sai na lura cewa zancen saurayi da budurwa ya bar zaure da dakali, ya koma cikin waya. A ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, na rubuta labarin ƙanwata a Facebook: dararen da muka kwana a asibiti, da yadda take roƙon Umma ta danna mata ƙafafu. Na rufe da tambaya ɗaya: kin san rukunin jininki kafin ki ba shi lambarki?

Masu yabo sun yi yawa, masu zagi ma ba a rasa ba. Wani ya ce ina jayayya da ƙaddara. Amma abin da ya tsaya mini a rai saƙonnin da suka biyo ta bayan fage ne. Wata ta rubuto da tsakar dare cewa saura wata biyu ɗaurin aurenta, sakamakonsu kuma ya fito AS da AS. Ban ce ta fasa ba, ban ce ta ci gaba ba. Na haɗa ta da likita, na gaya mata abin da idona ya gani a gidanmu.

A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Mataki ne mai kyau, sai dai doka tana riskar masoya bayan an kai lefe, lokacin da rabuwa ta zama raɗaɗi ga gida biyu. Ni kuwa ina neman su tun a gaisuwar farko, gaisuwar nan kuma a WhatsApp ake yin ta yanzu. Shi ya sa har yau ba na kashe wayata da dare.