Wace Makaranta Za A Kai Yaro Mai Hazaƙa?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani al'amari wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba. Kullum ana koya mana yadda za mu yi da yaro mai nauyin kai, mu ja shi sannu a hankali har ya cim ma sauran. Wannan kuwa daidai ne. Amma yaron da ya tsere wa 'yan ajinsu fa? Galibi sai a ce ai wannan Allah ya riga ya yi masa, ba ya bukatar kowa. Abin da na gani a hutun da ya wuce ya nuna mini ba haka zancen ya ke ba.

Bari in fara da abin da hukuma ta tanada. Tsarin Ilmi na Ƙasa wanda aka fitar a shekarar 1977 ya sa yara masu hazaƙa ƙwarai a cikin waɗanda su ke bukatar kulawa ta musamman, tare da makafi da kurame. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, sa'ad da Farfesa Jibril Aminu ya ke Ministan Ilmi, aka ɗauki shirin tattara irin waɗannan yara, daga cikin shirin ne makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja ta fito. Hukumar NECO ce ta ke shirya jarrabawar shigarta. Hukumar Birnin Tarayya kuma tana da tata makarantar haziƙai a Gwagwalada. To, amma duka biyun nan sakandare ne. Kafin yaro ya kai ƙofarsu sai ya yi shekara 6 a firamare, watau abin da iyayenmu su ke kira elementare. A cikin shekarun nan ne hazaƙarsa za ta yi toho ko ta bushe, zaɓen makarantar kuwa yana wuyan iyaye su kaɗai.

Yayata tana aure a wata unguwa a ƙaramar hukumar Gwagwalada. Mijinta kafinta ne, ita kuwa tana sayar da gero da masara a kasuwa. Suna da 'ya mai shekara 8, tana aji 3. Tun kafin a sa ta makaranta, in mai saye ya miƙo kuɗi, ita ta ke faɗa wa uwar canjin da za a mayar. Wata rana ina cin tuwo ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Kawu, ka san in an ninka tara, lambobin amsar in ka haɗa su sai su koma tara? Duba 18, duba 27, duba 36." Ba wanda ya koya mata wannan, ita ta tsinto abinta. Amma a wannan shekara sai ta soma ƙin makaranta. Kowace safiya ciwon ciki, ran Asabar kuwa garau. Da aka bincika sai aka tarar takan gama aikin aji tun sauran ba su yi rabi ba, sa'an nan ta shiga surutu, surutun ya jawo mata bulala.

Da na je hutu, Yaya ta ce mini, "Ƙanena, kai ne ka ke karatun malanta. Ga makarantu nan uku muna ta jayayya a kansu ni da maigida. Ka je ka duba mana, abin da ka gani shi za mu bi." Nauyin ya yi mini yawa, gama kuɗin gidan ba yawa gare shi ba, akwai kuma ƙanne biyu a bayan yarinyar. In aka zuba dukiyar gida a kanta a banza, su ne za su sha wahala. In kuma aka bar ta yadda ta ke, tana iya tsanar karatu gaba ɗaya.

Na yi shawara da zuciyata, na ga ba zan iya auna makaranta da fenti ko da allon bakin ƙofa ba. Saboda haka na riƙe tambaya guda wadda zan yi wa kowane hedimasta, ita ce: in yaro ya gama aikinsa kafin 'yan'uwansa, me a ke yi da shi?

Ta fari ita ce wadda yarinyar ta ke ciki, makarantar hukuma ce kusa da gida, ba a biyan kuɗin karatu, kamar yadda dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta hukunta. Na leƙa ajinsu na ƙidaya yara sun fi 70, alhali Tsarin Ilmi ya ce malami ɗaya ga yara 35. Malamar ba malalaciya ba ce, ƙoƙari ta ke yi iyakar ƙarfinta. Da na yi tambayata sai ta ce, "Malam, in ta gama nakan ba ta takarda ta rubuta mini sunayen masu surutu." Ban ga laifinta ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma aikin nan ba ya ƙara wa yarinya ilmi, sai dai ya ƙara mata maƙiya.

Ta biyu ta kuɗi ce, mai bene da mota mai ɗaukar yara. Ita ce mijin Yaya ya ke so, har ya ce zai sayar da injin yankan katakonsa in ta kama, domin kuɗin zango ɗaya ya fi abin da ya ke samu a wata biyu. An karɓe ni da fara'a, an nuna mini ɗakin kwamfuta. Hedimasta ya ce suna da aji na musamman domin haziƙai. Na tambayi abin da a ke yi a ciki, ya ce, "Mu ba mu ɓata lokaci. Yarinya irin taku za mu ɗaga ta zuwa aji 5 nan take, baɗi ta yi jarrabawar shiga sakandare." Na roƙa a bar ni in zauna a ajin rabin sa'a. Abin da na tarar shi ne tsofaffin takardun jarrabawa a ke bi ɗaya bayan ɗaya, yara suna haddace amsa. Ba wanda ya yi tambaya, ba kuma wanda aka tambaya dalili. A bango kuwa an rubuta tarar da za a ci duk wanda aka ji yana magana da harshen gida.

A nan ya kamata in tsaya kaɗan, gama wannan tarko ne da iyaye da yawa su ke faɗawa a ciki a Abuja. Tsallake aji ba abin ƙi ba ne ko da yaushe. Akwai yaron da aji ɗaya in an ɗaga shi zai sami daidai da shi, ya huta. Amma a lissafta mana: yarinya mai shekara 8 in ta shiga sakandare tana da 9, za ta gama tana da 15. A shekarar 2025 kuwa Gwamnatin Tarayya ta tsai da shekara 16 a kan mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Ke nan gudun da aka yi da ita zai ƙare da zaman jira. Ban da wannan, kanta ne ya yi gaba, amma hannunta na rubutu da jikinta da zuciyarta duk na 'yar shekara 8 ne. Za ta zauna da waɗanda su ka girme ta, ba abokiyar wasa, ba abokiyar sirri. Sauri ya kan haifi nawa.

Zancen harshe ma ba ƙarami ba ne. Yarinyar nan da Hausa ta ke tunanin lissafinta, da ita ta gano asirin tara. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife su ka soma wani gwaji, aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 na firamare, Turanci kuwa aka koyar da shi a kan darasi mai zaman kansa. Yaran nan ba su kasa waɗanda aka koyar da Turanci ba, har ma sun yi fice. Lalle ina so ɗiyarmu ta iya Turanci sosai, domin da shi za ta yi jarrabawa. Amma makarantar da za ta ci ta tara saboda harshen da ta ke tunani da shi, ina tsoron kada ta koya mata yin shiru.

Ta uku ita ma ta hukuma ce, a unguwa ta gaba, tafiyar kamar minti 25 a ƙasa. Ginin ya tsufa, amma yaran aji ba su kai na ta fari yawa ba. Da na yi tambayata, hedimasta bai amsa ba, sai ya aika aka kira malamin aji 4, wani dattijo. Malamin ya kai ni ajinsa ya nuna mini wani kwali a bayan ƙofa, cike da katuna da ya yanka daga kwalayen sabulu. Kowane kati da tambaya ya rubuta da hannunsa, waɗansu na lissafi, waɗansu na wasa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya gama aiki sai ya je ya zari ɗaya. Akwai kuma akwatin littattafan karatu da yara su ke ara ran Juma'a. Kashegari na kai masa yarinyar, ta gaya masa zancen tara. Bai ce mata madalla kawai ba. Cewa ya yi, "'Yata, don me ya ke zama haka? Ga tsakuwa, je ki jera su goma goma, ki cire ɗaya daga kowane layi, gobe ki faɗa mini abin da kika gani." Yarinyar nan ba ta yi barci da wuri ba a daren, tana ta jera tsakuwa a tsakar gida.

Kwalin nan ya tuna mini da makarantar mishan inda na yi firamare. Ba mu da bene, ba mu da mota, amma akwai kabad na littattafai a ofis, da wata malama wadda takan ba ni mabuɗinsa in na gama aiki. Rabin abin da ya kawo ni wannan kwaleji daga cikin kabad ɗin nan ya fito.

Na koma na faɗa musu abin da na gani. Mijin Yaya bai ji daɗi ba da fari. Ya ce, "Malam, kana nufin in bar mai bene in kai ta inda rufi ya ke yoyo? Me mutane za su ce?" Na ce masa, "Yaya, kai kafinta ne. In za ka ba da yaro koyon sana'a, shagon da ya fi ƙyalli za ka duba, ko hannun maigidan shagon?" Ya yi shiru, can ya ce hannun. Muka shirya a kan abu uku. Za ta koma ta ukun, ta shiga aji 4 tare da tsararrakinta. Injin katako ba za a sayar ba, amma kowane wata za a ware ɗan abin sayen littafi guda. In ta kai aji 6 kuma za a yi mata rajistar jarrabawar Suleja, ta gwada sa'arta. Na kuma gargaɗe su cewa malami ya kan sami canjin wuri, saboda haka kowace shekara sai an sake dubawa.

Ko jarrabawar ma kada a ɗauke ta ita ce ma'aunin ƙarshe. A shekarar 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman, ya soma zaɓen yara wajen 1,500 masu kaifin basira domin ya bi rayuwarsu. A cikin waɗanda aka gwada ba a ɗauka ba akwai yara biyu, William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowannensu ya sami lambar Nobel ta kimiyya. Mu ma nan gida muna da misali. Ladi Kwali, wadda hotonta ya ke a bayan naira 20, ba ta hanyar jarrabawa aka san ta ba. A ƙauye ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, sa'an nan a 1954 ta shiga wurin koyon tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, har aikinta ya kai Ingila da Amurka. Hazaƙar tata ce, amma sai da ta sami masu lura da ita.

To, 'yan'uwana, ga inda zancen ya shafe mu. Makarantun haziƙai kaɗan ne, yaran da za su shiga su ma kaɗan ne. Sauran duka a hannunmu za su zauna, a Abaji da Kuje da Kwali da Bwari, a azuzuwa masu cunkoso. Ba mu da ikon gina bene, ba mu da ikon rage yawan yara. Amma kwalin sabulu da almakashi ba su fi ƙarfin kowa ba. Ina ba da shawara kowane ɗayanmu, kafin ya fita koyon aikin koyarwa, ya rubuta katuna ko da 30 ne na darasin da zai koyar, masu ɗan wuya, waɗanda su ke neman dalili. In muka tara su a ɗakin karatu na kwaleji, waɗanda za su zo bayanmu sai su kwafa su ƙara nasu. Wata rana wani uba zai tsaya a ƙofar ajinka ya tambaye ka abin da ka ke yi da yaron da ya riga kowa gamawa, ya kamata ya tarar kana da abin da za ka nuna masa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a damƙa mana, amin.