Burodin Jiya Ba Na Bola Ba Ne

 Yau zancen kwaɗo ne, amma na Italiya. A yankin Tuskani sunansa panzanella, abincin manoma ne na lokacin zafi, sa'ad da tumatir ya nuna sosai. Asalinsa gudun ɓarna ne: burodinsu ba gishiri, nan da nan yake bushewa, su kuwa ba sa zubarwa. Abin da ya sa nake son kwaɗon ke nan, don ba na jure ganin burodi a shara.

Ga yadda nake yi. A yanka tumatir 4, a barbaɗa gishiri, a bari minti 15 ya tsatso ruwa. Kada a zubar da ruwan nan, a nan daɗin yake. A zuba masa man zaitun cokali 3, khal cokali 1, albasa da ɗoɗɗoya.

Su jiƙa burodin suke yi su matse. Namu mai laushi dagargajewa zai yi, don haka nakan yanka in gasa a kasko tukuna. A cakuɗa duka, a jira rabin awa burodin ya sha romo.

Ku gwada kafin ku sake zubar da burodin jiya. Sai an jima.