Daga Tarauni Zuwa Gabas: Abin Da Itatuwan Hanya Ke Faɗa

Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na da wata baiwa da ba kasafai suke lura da ita ba: manyan hanyoyi biyu na fita Kano a bakin ƙofarsu suke. Titin Zariya ya nufi kudu, titin Maiduguri ya nufi gabas. Na biyun shi ne na fi bi, kuma ni kaɗai a mota, domin mai abokin hira ba ya ganin ƙasa, fuskar abokinsa yake kallo. Wanda yake shi kaɗai kuwa, dole idonsa ya nemi abin yi.

Da asuba ake fita, kafin masu Adaidaita Sahu su cika Hotoro. Ana wuce Mariri, inda kasuwar goro take, sai gine-gine su fara ja da baya, gonaki su bayyana. Daga nan har Wudil ƙasa ce da aka noma tun kaka da kakanni, babu taƙin da ba shi da mai shi, amma kowace gona da itatuwanta: ɗorawa, tsamiya, kuka da kanya. Ba daji ba ne ya bar su, manomi ne ya zaɓe su ya ƙyale, saboda kalwa da miya da inuwa.

A gadar Wudil nakan rage gudu. Ruwan da ke ƙasa na kogin Kano ne da na Challawa da suka haɗe, suka kama hanyar Haɗeja. Idan ranar Juma'a ce, kasuwar shanu za ta tsayar da kai ko ba ka so. Bayan Gaya, wajen Shuwarin, duwatsun da suka ba Dutse sunanta za su leƙo, ga dabino a gindinsu. Garin ya zama hedikwatar Jigawa a 1991, shekarar da Damaturu ma ta zama ta Yobe, don haka hanyar nan ta ratsa tarihin rabon jihohi, ba ƙasa kaɗai ba.

Daga Jama'are zuwa Azare da Potiskum ake ganin sauyi na gaske. Ɗorawa takan yi ƙaranci, aduwa da ƙaya su yawaita, ƙasa ta yi fari, sama ta faɗaɗa. Nan gawo yake nuna halinsa: yakan zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, sa'annan ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ba ta da abin ci. Wanda ya ga gawo a tsakiyar gona ya ga ilmin noma da ba a rubuta a littafi ba.

Abin da ke damuna shi ne wani amfanin gona da ya fi kowanne yawa a bakin titi yanzu: buhunan gawayi da tarin itacen girki. Kowane buhu itace ne da ya shekara da yawa yana girma. Ba na ɗora laifin a kan talakan ƙauye. Mu mutanen birni ne masu saye, tun da gas da kananzir suka yi tsada. Tukunyar da ke tafasa a Tarauni tana da alaƙa da filin da ya yi ƙwal a gabas. Mai tafiya da jirgin sama ba zai taɓa ganin wannan alaƙa ba.

Akwai kuma hasara ta biyu. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Kano zuwa Kukawa bisa dabba, yana rubuta sunayen garuruwa da tsirrai. Yau muna da kwalta, an ma ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, amma tsoro ya rage mana nisa. Tun bayan abin da ya auka wa matafiya a Auno a watan Fabrairun 2020, duk mai hankali yakan lissafa sa'o'insa kafin ya wuce Damaturu. Da yawa cikin ɗalibaina sun san titunan Dubai ta waya, amma ba su taɓa ganin gadar Jama'are ba. Wanda bai san ƙasa ba kuwa, ba zai ji zafin lalacewarta ba.

Ba ina kiran kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. A duba lafiyar mota, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, a yi tafiyar rana, a sanar da iyali inda aka nufa. Ko Wudil da Dutse kaɗai aka kai, an ƙaru. Abubakar Imam ya kira littafinsa na tafiya Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma sunan bai tsufa ba. Sai dai ilmin da ke bakin wannan hanya a jikin itatuwa yake, gatari kuwa ba ya jiran mai karatu.