Murfin tankin mai da iskar da ke bi ta cikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ga yadda ake huda gwangwanin madara: huda biyu ake yi, ɗaya daura da ɗaya. Idan huda ɗaya ce, madarar za ta ɗiga sau biyu ko uku ta tsaya cik, ko da gwangwanin cike yake. Ta huda ta biyu iska take shiga ta maye gurbin abin da ya fita. Tankin mai na babur, da na mota, da na injin ban-ruwa, duk wannan doka suke bi. Kowace litar da inji ya sha sai litar iska ta shiga ta zauna a wurinta. A injina da yawa, ƙofar da iskar ke bi tana jikin murfin tankin, abin da galibinmu muke ɗauka marufi ne kawai na hana mai zuba.

A ƙasar Haɗeja wannan magana ta fi shafar masu noman rani. Daga Auyo zuwa Kiri Kasamma da Guri, ƙananan injinan fetur ne ke ɗebo ruwa daga kogi da rijiyoyin burtsatse zuwa gonakin shinkafa da alkama da tattasai. A irin waɗannan injina, kamar yadda yake a baburan Boxer da Jincheng, babu famfon da ke tura mai. Tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, nauyin man ne ke gangaro da shi. Shi ya sa aka yi wa murfin wata 'yar kafa, wani lokaci ba ta fi bakin allura ba. Idan ƙurar hunturu ko laka ta toshe ta, inji zai tashi lafiya ƙalau, ya yi aiki na 'yan mintuna, sannan ya fara tari ya mutu, domin matsin iskar da ke cikin tankin ya yi ƙasa da na waje har ya riƙe man. A bar shi ya huta, iska ta saɗaɗa ciki, ya sake tashi, ya sake mutuwa.

Na ga wannan da idona a gonar wani ɗan uwana a bakin kogi, a wani watan Maris. Kwana biyu injin yana wannan hali, shuka tana yaushi. An kwance kafireto an wanke, an sauya fulogi, an zubar da man da ke ciki bisa zargin cewa 'yan bumburutu sun gauraya shi. A rana ta uku wani yaro da ke koyon gyaran babur ya zo, ya jira injin ya soma tari, ya sassauta murfin. Muka ji iska ta shige ciki da ɗan sauti, injin ya miƙe. Da tsinke ya gyara abin da ya ci kuɗin fulogi da galan guda na mai. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina shi ya kamata a fara yi kafin a taɓa sukurudireba.

Shigar iska rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne fitar tururi. Fetur haɗakar sinadarai ne masu yawa, kuma mafiya sauƙi daga cikinsu suna soma tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. A Haɗeja kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan haura 40 a inuwa, balle ƙarfen da ya wuni a rana. Sai tururi ya taru a saman man, matsi ya ƙaru. Shi kansa ruwan man yana kumbura, kusan kashi ɗaya cikin dubu a kan kowane digiri guda. Lita 50 da aka zuba daga tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, idan ta ƙara zafi da digiri 15, za ta nemi ƙarin wurin da ya haura rabin lita. Don haka ne masu ƙera mota suke barin fili a saman tanki, kimanin kashi ɗaya cikin goma, wanda ba a yi shi don mai ba.

Motocin da, irin tsofaffin Peugeot 404 da iyayenmu suka hau, suna sakin tururin nan cikin iska ne kai tsaye. Amurka ce ta soma hana haka, a jihar Kalifoniya a 1970, sannan a ƙasar baki ɗaya a 1971, saboda tururin fetur yana cikin abubuwan da ke haddasa hazon da ke turnuƙe birane. Daga nan tsarin ya juye. Aka rufe tanki ruf, aka ja siririn bututu daga samansa zuwa wani gwangwani mai cike da gawayi na musamman. Gawayin yana kama tururin ya riƙe, idan inji ya tashi ya zuƙe shi ya ƙona tare da sauran mai. Ta wannan gwangwani tankin ke numfashi. Murfin ya koma mai gadi: yana da zoben roba da ke like bakin tanki, da bawul mai sifirin da ba ya buɗewa sai matsi ya wuce ƙima, ko dai ya saki tururi ko ya bar iska ta shiga. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji idan an murɗa shi alama ce cewa ya ɗauru daidai, kuma tana hana a matse robar fiye da kima.

Ke nan murfi iri biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Na injin ban-ruwa dole ya kasance da kafa, na motar zamani dole ya zama ba shi da ita. Mai sayar da kayan gyara da ya ce maka "ai duk ɗaya ne, in dai ya shiga" bai yi maka adalci ba. Tun daga 1996 motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da kwamfutar da ke gwada ko tanki yana yoyon tururi, kuma da yawa daga cikin 'yan Kwatano da muke hawa can suka fito. Murfin da bai ɗauru ba, ko wanda robarsa ta tsattsage saboda zafi, ya isa ya kunna fitilar nan mai siffar inji a gaban direba. Mutane da dama suna yawo da ita a kunne shekara da shekaru, wasu ma su liƙe ta da baƙin salatif, alhali ranar da babbar matsala ta zo, ta wannan fitilar za a sanar da su.

Toshewar hanyar iska ba ƙaramin abu ba ne ko a motar zamani. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motoci kusan 65,000 ƙirar Mazda6, bayan an gano wani nau'in gizo-gizo yana shiga bututun iskar tanki yana saƙa a ciki, har matsi ya kai ga tsaga tankin. Mu da muke da zanzaro mai gina ɗaki a kowace kafa da ya samu, da ƙurar hanyar Nguru, bai kamata mu yi dariya ba.

Akwai halaye biyu da nake ganin sun fi kowanne cutarwa. Na farko shi ne girgiza mota a gidan mai bayan famfo ya katse, don a ƙara cusa lita ɗaya. Wannan litar tana cike filin da aka bar wa tururi, kuma idan rana ta buɗe, ruwan mai yakan bi bututu ya jiƙa gawayin da tururi kaɗai aka yi shi ya ɗauka. Na biyu shi ne toshe bakin tanki da tsumma ko leda idan murfi ya ɓata. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba, ana iya kawar da kai daga man da ke bin iska. Bayan cire tallafi, da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, warin fetur da ke tashi daga motar da aka ajiye kuɗi ne ke tafiya. Tsumma kuma yana tsotsar mai kamar lagwani, yana barin ƙura ta shiga, da damina kuma ruwa, wanda ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki daidai inda famfo ke zuƙa. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi ya taru. A gidajenmu ana shigar da babur zaure ko tsakar gida da dare, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga murhun da garwashinsa bai gama mutuwa ba.