Filin Babban Masallacin Kano

Ya ke 'yar'uwa, in Allah ya kai ki birnin Kano, kada ki tsaya a Kasuwar Kurmi sayen lalle da turare kaɗai. Ki taka zuwa Babban Masallaci, ga shi nan dab da Gidan Rumfa, da koriyar ƙubba da hasumiya biyu. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka yi wannan gini.

To, ki dubi filin nan da kyau. Ran Jumma'a 28 ga Nuwamba 2014, an tayar da salla ke nan sai bama-bamai suka tashi, 'yan bindiga kuma suka buɗe wa masu gudu wuta. Mutum fiye da 100 suka rasu.

Sa'an nan ina 'yar makaranta, gidanmu kuwa ba nisa. Mun sauke shinkafa muna jiran maza, sai muka ji ƙara har kwanuka suka motsa. Mu mata ba mu ga wutar ba, jira muka sha, shi ma kuwa azaba ne. Kowace uwa na bakin zaure, mayafi a hannu, tana ƙirga 'ya'yanta. Yayana bai shigo ba sai bayan la'asar, ba hula, ba takalmi, rigarsa duk jinin wani bawan Allah da suka kai Asibitin Murtala. Maƙwabciyarmu kuwa tana tsaye har isha. Washegari aka yi jana'izar maigidanta.

Yayana bai daina zuwa masallacin ba. Amma har yau, ran Jumma'a, Inna ba ta zuba abinci sai ta ji sallamarsa.